Sassaben Zamani: Labarin Manoman Da Aka Yi Wa Dariya

 

A yawon da muke yi wurin ƙungiyoyin gama kai, akwai wata amsa da muka saba ji duk sa'ad da muka kawo zancen gwada sabon abu a gona. Wani dattijo zai gyara zama ya ce, "Malam, da muguwar rawa gara ƙin tashi." Sai a yi dariya, shugaba ya wuce zuwa magana ta gaba. Ba mu ga laifin mai faɗin haka ba. Manomi ba ɗan albashi ba ne. In ya yi kuskure a lokacin shuka, shi da matarsa da 'ya'yansa ne za su kwana da yunwa kafin wata kaka. Malamin gonar da ya ba shi shawara kuwa, wata na ƙarewa zai karɓi kuɗinsa cif. Saboda haka tsoron manomi ba wauta ba ne.

Amma akwai abin da ba mu cika sa shi cikin lissafi ba. Ƙin tashin ma yana da tasa hasara. Hasarar gwaji takan zo rana ɗaya, kowa ya gani. Ita kuwa hasarar zama wuri ɗaya a hankali take zuwa, dami biyu bana, dami uku baɗi, har a wayi gari gonar da ta cika rumbu uku a hannun uba ba ta cika ɗaya a hannun ɗa. Ba mai yi maka dariya domin wannan, gama kowa haka tasa take.

Domin mu gane wannan sosai, bari mu ɗauki misali guda na maƙwabtanmu, masu noman gero da dawa da wake kamarmu, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, arewa da Katsina.

Gona mai tsabta

Kowa ya san yadda muke shirin gona. Da bazara ta gabato sai a ɗauki gatari da adda, a sassabe duk wani toho da ya fito a kan kututture, a tara shi da karan bara, a cinna wuta. Gona ta yi fes, daga wannan iyaka ana hango waccan. Wanda ya bar sabara da kalgo a tsaye, rago ake ce masa. Lalle sassabe yana da wuya a jiki. Mun kira shi hanya mai sauƙi ne domin ba ya bukatar dogon tunani, ba ya jawo magana, ba kuwa mai tambayarka dalili.

A zamanin kakanninmu wannan hanya ba ta da aibi sosai. Ƙasa da yawa, mutane kaɗan. In an noma wuri shekara huɗu ko biyar ya gaji, sai a bar shi saura, a matsa gaba. Kafin a dawo kututturan sun sake zama daji, ganye ya zuba ya ruɓe, ƙasa ta farfaɗo. Watau tun asali itatuwa ne suke yi wa gona taki, sai dai a lokacin hutu suke yi. Yanzu hutun ya ƙare. An raba gandu tsakanin 'ya'ya, 'ya'ya sun raba wa jikoki, ba sauran inda za a matsa. Mun riƙe rabin al'adar, watau sara da ƙonawa, mun yar da ɗaya rabin da yake mayar wa ƙasa ƙarfinta.

Mu ma'aikatan gona kada mu wanke kanmu. Tun muna gonar makaranta a kwalejin horon malamai aka koya mana cewa gonar zamani ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta sarai domin garmar shanu da tarakta su wuce. Haka muka haddace, haka muka yi ta koya wa jama'a. Maimaita abin da yake cikin littafi ita ce tamu hanya mai sauƙi.

Abin da ya faru a Maraɗi

Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya yi wa ƙasashen bakin hamada mummunar ɓarna. Dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe, da yawa cikin waɗanda suka rage kuma aka sare su aka kai kasuwa domin a sami kuɗin hatsi. A ƙasar Maraɗi sai mutum ya yi tafiya mai nisa yana ganin fili fetal. In ruwan shuka ya sauka aka shuka, iska takan taso da rairayi ta yanke gero tun yana ɗan tsiro, ko ta binne shi. Manomi yakan sake shuka sau uku ko sau huɗu a damina ɗaya. Mata sukan yi tafiyar sa'o'i neman itacen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu. Abincin ƙasa ke nan ya tafi murhu.

Maganin da kowa ya sani a lokacin shi ne dashe. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka kafa wuraren renon itatuwa, ana shuka iri cikin leda, ana ba shi ruwa, in damina ta kama a rarraba ƙauyuka. Yawanci itatuwan waje ne, irin su dogon yaro da turare. Kuɗi masu yawa suka shiga, amma mafi yawan dashen bai ga wata damina ba. Rani ya kashe wasu, awaki da gara suka ƙarasa wasu. Manoma kuma ba su ɗauke su nasu ba. Lokacin dashe shi ne lokacin noman farko, ba kuwa mai barin geronsa cikin ciyawa ya je ya yi wa itacen gwamnati hidima.

A 1981 wani matashi ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya iso Nijar tare da matarsa. Ya yi karatun aikin gona, ya zo kuwa ƙarƙashin mishan ta SIM, wadda Ekklesiyar ECWA ta fito daga cikin aikinta. Aka ba shi aikin dashen itatuwa a ƙauyukan Maraɗi. Ya yi wajen shekara biyu yana dasawa, yana ganin suna mutuwa kamar na kowa.

Wata rana a 1983 yana kan hanyar ƙauye da lodin dashe, sai ya tsaya ya rage iskar tayoyin motarsa domin ta iya ratsa yashi. Bisa ga yadda shi da kansa ya sha ba da labari, ya duba gabas da yamma ya ga ƙasa tsirara, zuciyarsa ta karai, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido ya ga abin yi. Sai idonsa ya faɗa kan wani gajeren tsiro mai rassa da yawa a gefen hanya, irin wanda ya sha wucewa yana zaton ba shi da amfani. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe itace ne sosai wanda aka sare tun da daɗewa, kututturen yana tohowa kowace shekara, ana sassabe shi kowace shekara. Ya ɗaga kai ya ga irinsa birjik cikin gonaki. Dajin da ake cewa ya mutu, ashe yana nan da ransa a ƙarƙashin ƙasa.

Ba shi ne ya fara sanin kututture yana toho ba, kowane yaro mai kiwon awaki ya san wannan. Abin da ya zama sabo shi ne tambayar da ya yi: in maimakon a sassabe tohon duka, aka zaɓi kaɗan aka gyara su aka bar su suka girma a tsakiyar gero fa? Wannan ne mutanen wurin suka laƙaba wa suna sassaben zamani.

Waɗanda suka fara

Manoma wajen goma ne suka yarda su gwada a wani ɓangare na gonakinsu. A nan muke so mu ɗan tsaya, gama waɗannan mutane su ne ainihin zancenmu. Baturen, in abin ya ƙi, rahoto zai rubuta. Su kuwa gonar da suke ci ce suka sa a ciki.

Ku dubi abin da yake gabansu. Ba wanda ya taɓa ganin ƙarshen abin, har da shi mai kawo shawarar. Kowa ya gaskata cewa inuwar itace tana hana gero yi, saiwarsa tana shanye ruwan shuka, rassansa kuma masaukin jan-baki ne. Ga kunya. Maƙwabta suna wucewa suna nuna gonar da baki, suna cewa wane ya taɓu, ko ƙyuya ta kama shi. A ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle ga mai nema wa ɗansa aure. Ga kuma doka. Tun zamanin mulkin Faransa, hukuma ce take da iko a kan itatuwa a Nijar, ko da a gonar mutum suka tsiro. Ma'aikacin gandun daji yana iya cin manomi tara domin ya sare itacen da shi da kansa ya rena. To, wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Gara ya kashe shi tun yana ƙarami, kafin ya zama itacen da hukuma za ta sa wa ido. Bayan wannan duka, da tohon ya fara zama sanduna sai masu neman itace suka riƙa zuwa a ɓoye suna sarewa.

Da a haka abin zai mutu, sai ga farin 1984. Amfani ya ƙi sarai, yunwa ta shigo. Mishan ta shirya aikin da ake biyan mutum da hatsi maimakon kuɗi, ta kuwa sa sassaben zamani cikin ayyukan. A ƙauyuka kusan 100 mutane suka bar itatuwa wajen 500,000 a gonakinsu. Aka kuma shawo kan hukumar gandun daji ta jihar ta sassauta, ta bar manomi ya mori itacen da ya rena.

Yawancinsu domin hatsi suka yi, ba domin sun yarda ba. Shaida kuwa ita ce, da aka daina rabon abinci sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan nan. Sabo turken wawa ne, in ji masu iya magana, amma kada mu yi saurin zaginsu. Da mu ne, da yawancinmu haka za mu yi.

Kashi ɗayan da ya rage shi ya juya labarin. Masu shi sun sa ido a wannan damina, sun ga geron bai lalace ba kamar yadda ake tsoro. Sun ga iska ba ta cin tsiro a bayan itatuwan. Sun ga matansu suna samun itacen girki daga rassan da aka datse, ba sai sun shiga daji ba. Suka ce bari su ƙara shekara. Bayan 'yan shekaru suna da sandunan rufin ɗaki da na rumbu, har da na kai wa kasuwa, ga ganye da 'ya'yan itace na dabbobi a tsakiyar rani. Wanda ya sare nasa ya ci kuɗin sau ɗaya, shi ke nan. Wanda ya bari yana ɗiba kowace shekara. Gani ya kori ji. Daga nan abin ya riƙa bazuwa daga bakin manomi zuwa kunnen manomi, a kasuwa, a wurin biki, a hanyar ci-rani.

Abin mamaki, an yi wajen shekara ashirin duniya ba ta san girman abin da yake faruwa ba. Sai bayan shekara ta 2000 wani masanin taswira Ba'amurke mai suna Gray Tappan, da wani ɗan ƙasar Holan mai suna Chris Reij, tare da masana 'yan Nijar, suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da sababbi. Wuraren da dā suke fetal, sai ga su cike da ɗigo-ɗigon itatuwa. A rahoton da suka fitar a 2009 sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5, watau eka fiye da miliyan 12, da itatuwa wajen miliyan 200. Sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsi tan 500,000 kowace shekara, abin da zai ci da mutum miliyan biyu da rabi. Ƙiyasi ne, ba awon mudu ba, amma ko an rage rabi abin ya isa a jinjina. Ba kuwa duka daga aikin mishan ya fito ba. A jihar Damagaram, wajajen Magarya da Matamaye da Mirya, ƙetaren Daura da Ɓaɓura, manoma da kansu suka tashi suka riƙa renon gawo a gonakinsu har ya zama kamar gandu. Masu binciken sun lura cewa a wasu wurare ana iya gane iyakar ƙasashen biyu a hoto, gama gefen Nijar ya fi na Nijeriya itatuwa. Wannan magana ba ta yi mana daɗi ba, amma ya kamata a faɗe ta.

Ku lura kuma da yadda doka ta bi manoma a baya. Sai a 2004 Nijar ta yi sabuwar dokar gandun daji, a 2020 kuma gwamnatinta ta fitar da doka ta musamman wadda ta tabbatar wa manomi hakkinsa a kan itacen da ya rena ta wannan hanya. Da mutanen farko sun ce sai an gyara doka tukuna, da sun jira shekara talatin da wani abu, da kuwa ba abin da za a gyara dokar dominsa. Shi Tony Rinaudo ya bar Nijar a 1999 ya kai wannan hanya wasu ƙasashe, har da Habasha. A 2018 aka ba shi lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin.

A wannan shekara an ba wani manomi ma lambar, Yacouba Sawadogo na ƙasar Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023. Shi ma mahaukaci aka fara ce masa. Wajen 1980 ya riƙa haƙa ramukan shuka masu faɗi a kan ƙeƙasasshiyar ƙasa tun da rani, yana zuba taki a ciki. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar nutsewa. Daga baya manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar, ba ta Sakkwato ba, suka je suka gani da idonsu, suka dawo suka yi ta yi. Su tassa suke kiran ramukan.

Me ya sa kututture ya fi dashe?

Dashen leda saiwarsa 'yar guntuwa ce. Kafin ta nutse ta kai ga laima, rani ya iske ta. Kututture kuwa saiwar tsohon itace gare shi, ta riga ta yi zurfi, ta kuma tara abinci. Damuwarsa kawai ita ce toho ashirin ko talatin suna rububin wannan abinci, kowanne ya fito siriri. In aka rage su, sai ƙarfin duka ya koma kan kaɗan ɗin da aka bari, su yi girman da dashe ba zai kamo su ba. Ba sayen iri, ba leda, ba ban ruwa. Itacen kuma ɗan ƙasa ne, ya san ranin wurin.

Cikin itatuwan duka gawo ne sarki a gona. Shi saɓanin sauran yake yi: da damina yakan zubar da ganyensa ya tsaya kamar busasshe, da rani ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma yana zuba daidai lokacin da ƙasa take bukatarsa. Dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa abincin dabbobi ne, dabbobin kuma in sun fake a inuwarsa da rani sukan bar taki a wurin. Tsofaffinmu sun daɗe da sanin geron gindin gawo dabam yake.

Ita ma sabara da muke renawa tana da aikin da ido ba ya gani. A wani bincike da aka yi a ƙasar Senegal aka buga a 2018, an ba saiwar sabara ta can ƙasa wani ruwa mai alama, ba da jimawa ba aka sami ruwan nan a jikin geron da yake kusa da ita. Watau tana jawo ruwa daga zurfi, da dare ta saki wani a ƙasar sama, gero ya sha. Ga kuma ƙura da ganye da iska take tarawa a gindinta da na kalgo. Duk wanda ya taɓa tona wurin ya san ƙasar ta fi laushi da baƙi.

Yadda ake yi

Aikin ba shi da wani asiri. Kafin sassabe ka zaga gonarka ka ga kututturan da suke da rai, ka zaɓi irin waɗanda kake so. A Maraɗi an fara da wajen 40 a hekta, watau kamar 16 a eka, taku ashirin ke nan tsakanin wannan da wancan. Daga baya manoma da yawa sun ƙara da kansu. A kowane kututture ka zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka cire sauran. Barin fiye da ɗaya yana da hikima: kana iya saran guda kowace shekara kana barin sabo ya maye gurbinsa, in kuma ɓarawo ya ɗauke ɗaya ba ka tashi a tutar babu ba. Waɗanda ka bari, ka datse rassansu na ƙasa har zuwa rabin tsawonsu. Kada ka aske su har kai, gama iska za ta karya su, akuya kuma ta tanƙwara su.

Addar ta kasance mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama. In ka sara daga sama, reshe yakan tsage ya ɗaye ɓawon jikin itacen, ciwo ya shiga ta nan. Ka ɗaura ɗan jan ƙyalle a jiki domin mai wucewa ya san da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida ka koma ka cire sabon tohon da ya sake fitowa. Ganyen da ka datse ka bar shi a gona, sandunan a kai gida.

Ba za mu ɓoye muku wahalarsa ba

Ba kowane itace ne gawo ba. 'Yan'uwanmu na kudancin Kaduna da Filato da makamantansu, inda ruwa ya fi yawa, su sani ɗorawa da kaɗanya inuwarsu tana da nauyi, dawa da masara sukan ragu a gindinsu. Sai mutum ya auna kalwa da man kaɗe da yake samu da hatsin da ya rasa, ya kuma riƙa rage rassa. Mai garmar shanu zai sha kewaye-kewaye in bai zaɓi kututturan da suke kusan layi ɗaya ba. Mai gonar aro ko ta haya tilas ya nemi yardar mai gona tukuna, gama a wurare da yawa renon itace kamar kafa hujjar mallaka ne, yana iya jawo a karɓe gonar. Akwai wutar masu farautar gafiya da rani, akwai dabbobin da ake saki bayan girbi. A shekarar farko kuma kusan ba abin da za ka nuna wa mai yi maka dariya sai 'yan sanduna tsaye. Ba mu da ikon yi muku alkawari cewa abin da ya yi a Maraɗi zai yi daidai haka a kowace gona. Gonar ce za ta ba da amsa, ba kuwa za ta amsa wa wanda bai tambaye ta ba.

Inda ƙungiya take da amfani

Shiga abin da ba a sani ba dabam, ganganci dabam. Manoman farko na Maraɗi ba su sa gonakinsu duka ba, yanki suka ware. Abin da ya fi ƙarfinsu kuwa abubuwa uku ne: dariya, da sata, da tsoron hasara. Dukansu ukun nauyi ne ga mutum ɗaya, amma ƙungiya tana iya ɗaukarsu. Ana yi wa mutum ɗaya dariya a kasuwa, amma da wuya a yi wa mutum goma sha biyar da suka yi shawara tare.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta sami mutum biyar ko fiye da za su ware kashi ɗaya cikin biyar na gona guda. In ƙungiya tana da gonarta ta tarayya, a fara da ita. Yankin gwaji da na kusa da shi su zama girmansu ɗaya, iri ɗaya, taki ɗaya, a shuka su rana ɗaya. In ba haka ba, da kaka gardama za a yi ta yi, wani ya ce taki ne, wani ya ce iri ne. A auna hatsin da mudu bayan sussuka, gama damin wane ba damin wane ba ne. Magatakarda ya rubuta a littafi, har da sau nawa aka sake shuka a kowane yanki, da yawan itacen girki da abincin dabbobi da aka samu. Wannan na ƙarshe a tambayi mata, su suka san lissafinsa fiye da mu, su ne kuma za su tsare itatuwan ko su ƙarar da su.

A yanke shawara tun yanzu, a rubuta, cewa in yankin gwajin wani ya kasa na kusa da shi, ƙungiya za ta cike masa rabin giɓin daga rumbun tarayya. Wanda ya yi gwaji domin kowa ya koya, bai kamata ya ɗauki hasarar shi kaɗai ba. Amma kada a biya kowa lada domin ya shiga. Mun ga abin da ya sami itatuwan hatsi na 1984. A kuma yarda za a yi shekara uku kafin a yanke hukunci, domin damina ɗaya ba ta isa shaida ba. In bayan shekara uku littafi ya nuna abin bai yi ba, a faɗi gaskiya a taro, a bar shi, ba kunya a ciki. Wannan tsari kuwa ba na itatuwa kaɗai ba ne. Haka za a bi da sabon iri, ko waken soya, ko ramukan tassa, ko duk abin da malamin gona ya zo da shi, har da mu masu wannan rubutu.

Kafin a fara, shugabannin ƙungiya su je wurin mai unguwa ko dagaci su bayyana masa, a yi shela cewa itace mai jan ƙyalle yana da mai shi. Su gana da arɗo a daidaita yadda makiyaya za su riƙa samun ganye ba tare da an kashe itacen ba, gama su ma ribarsu ce. Su kuma tambayi ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma abin da dokar jiharsu ta ce game da saran itacen gona, tun ba a kai ga rigima ba.

Aikin farko ba ya cin ko kwabo. Kafin kowa ya ɗauki gatari bana, kowane ɗan ƙungiya ya zaga gonarsa ya ƙirga kututturan da suke toho, ya rubuta irinsu: sabara nawa, kalgo nawa, gawo, magarya, aduwa, ƙirya, geza. Ya kawo wa magatakarda a taro mai zuwa. Wanda bai iya rubutu ba ya tafi da ɗansa ɗan makaranta, ko kuwa ya tsinko ganye ɗaya daga kowane iri ya zo da su cikin hula.